Ɗigo Uku a Kan Kwali

Babana ya ce mota ba ta ƙarya,
sai dai ba ta magana da rana.
"Shimfiɗa mata kwali da dare, Aili,
da safe ki zo ki karanta."

Gari ya waye a Hibbing
da sanyin da ke daskarar da gashin hanci,
dusar ƙanƙara har gwiwa a bakin gareji.
A kan kwalin, ɗigo uku,
jawur kamar an yanke yatsa.
Baƙi na inji ne, kore na lagireto,
ja kuwa, in ji Toivo Rautio,
mai shekara tamanin da ɗaya,
na akwatin giya ne.

Wannan Buick ta girmi aurena,
ta kuma fi shi ƙarko.
Mai ita ya yi shekara talatin
yana jan tama daga ramin haƙar ƙarfe,
yau hannunsa ba ya riƙe sifana,
sai ya kife bokiti ya zauna,
kofin gahawa na rawa a kan gwiwarsa.

"Tayar da ita ta ɗumama.
Taka birki, bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya,
kamar kina gaida su.
Zaro geji, goge, mayar, sake zarowa.
To, shinshina."
Na shinshina. Babu ƙauri.
"Da sauran kwananta," in ji shi.

Na kwanta a kan siminti,
bayan ya sa na tokare ta da ƙarafa biyu,
don shi bai taɓa amince wa jak shi kaɗai ba.
Na sassauta notocin gefe guda,
farantin ya karkata,
mai ya biyo hannun rigata zur har hammata.
A gindin farantin akwai ɗan maganaɗisu
ya yi gemu da garin ƙarfe:
duk tafiyar da muka yi zuwa asibitin Duluth,
duk ɗaurin aure, duk jana'iza,
ga su nan, ba su cika cokali ba.

Sabuwar filta, sabon gaskit.
"Ɗaura wannan, tsallaka na gabansa.
A hankali!
Mai matsewa da ƙarfi shi ke haifar da yoyo."

Washegari, ɗigo biyu.
Ya daɗe yana kallon kwalin,
ni ina kallon ƙeyarsa.
Ban ce komai ba.
Na ɗauki tocila na bi jan zaren sama,
na wuce farantin da ya bushe ƙayau,
har siririn bututun da ke kai mai lagireto.
Gishirin da ake watsa wa titi ya cinye shi,
tsatsa ta huda shi kamar bakin allura.

Ya yi dariya har da tari.
"Ita dai ba ta yi ƙarya ba.
Ni ne na karanta ba tabarau."

Bututun ya ci dala goma sha tara da yini guda
da fatar gaɓoɓin yatsuna biyu.
Na zuba mai ta mazurari kaɗan-kaɗan,
don in ya yi yawa kumfa yake yi.
Muka hau hanyar tafki da yamma,
ya rufe ido, ya karkata kunne,
ta bar ta ɗaya, ta shiga ta biyu,
ta ɗan yi jim,
sannan ta uku, sumul.
"Kin ji, Helmi?" in ji shi.

Helmi mahaifiyata ce.
Bara waccan muka binne ta.
Na ce na ji.

Yau kwalin fes yake, ko ɗis.
Na ɗaga shi zan kai shara,
sai na tsaya,
na mayar da shi inda yake.